Tekun da ya ƙafe a Goronyo: Abin da ɗalibi zai gani, ya kuma yi, a Kwarin Rima

Bari mu fara da tambaya, kamar yadda malamai kan yi idan sun shigo aji: wane gari ne a Jihar Sakkwato aka raɗa wa wata dabbar teku sunansa?

Mun san wani zai ce ai tambayar ba ta ma taso ba, tunda tsakanin Sakkwato da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. To amma amsar tana nan, ita ce Goronyo. A littattafan kimiyya na duniya akwai wata dabba da ake kira Goronyosaurus nigeriensis, wato ƙadangaren Goronyo na Najeriya. Ɗalibin da ke nazarin halittun da suka shuɗe, ko a Italiya yake ko a Japan, yana iya cin karo da wannan suna. Amma ɗalibi nawa ne a Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, ya taɓa jin sa? Wannan shi ya sa muka ware shafinmu na wannan mako domin Kwarin Rima da tuddan da ke kewaye da shi.

Yadda wasu ke cin moriyar kwazazzabonsu

A Jihar Arizona ta ƙasar Amurka akwai wani makeken kwazazzabo da ake kira Grand Canyon. Kogin Kolorado ne ya daɗe yana cin ƙasa har ya haƙa shi. Tsawonsa kilomita 446, zurfinsa kuma a wasu wurare ya haura mita 1,800. A shekarar 1919 gwamnatin ƙasar ta mai da shi wurin shaƙatawa na ƙasa, kuma a yanzu miliyoyin mutane ke zuwa duk shekara.

Me suke zuwa yi? Wasu su tsaya a bakin ramin su yi kallo. Wasu su gangara ciki a ƙafa ko a kan alfadari. Wasu su shiga jirgin ruwa su bi kogin. Yara kuma ana ba su ɗan littafi mai tambayoyi, su zaga suna cikewa, in sun gama a ba su lambar yabo. Ma'aikatan wurin suna nuna wa baƙi yadda duwatsun suka jeru hawa-hawa, suna bayyana abin da kowane hawa ke nufi. Doka kuma ta hana kowa ɗaukar ko tsakuwa ɗaya ya tafi da ita gida.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, tuddan Wurno da na Goronyo ba su kama ƙafar wancan kwazazzabo ba wajen zurfi da girma. Ba mu da ƙofar shiga, ba mu da tikiti, ba mu da ma'aikata masu inifam. Amma idan kun duba jerin abubuwan da baƙi ke yi a can, za ku ga kusan duk ana iya yin irinsu a nan: kallo daga tudu, karanta duwatsu, lura da tsuntsaye, ganin ruwa, jin tarihi. Abin da ya rage mana shi ne sanin abin da za mu duba. To mu ɗauka mun tashi daga birnin Sakkwato da sassafe, mun bi hanyar Acida, mu ga abin da rana ɗaya za ta ba mu.

Na farko: mu hau tudun Wurno mu yi kallo

Garin Wurno a kan tudu yake, yana kallon fadamar Gulbin Rima. Duk wanda ya tsaya a gefen tudun da rani zai ga abu biyu a lokaci guda. A bayansa da gefensa, ƙasa ce ja busasshiya, da marmara, da 'yan ƙayoyi. A ƙasa kuwa, fadama ce shar, cike da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Tsakanin busasshiyar ƙasa da koriyar akwai layi kamar an ja da alli.

Aikin farko na mai ziyara a nan shi ne ya zauna, ya fito da littafi da fensir, ya zana abin da yake gani. Ba sai ka iya zane ba. Ka ja layin tudu, ka ja layin gulbi, ka nuna inda gonaki suka tsaya, ka sa kibiya ta nuna gabas. Hoton waya yana ɗaukar komai a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mai ɗaukarsa ba ya tsayawa ya lura. Mai zane kuwa dole ya tambayi kansa: me ya sa saman tuddan nan a shafe yake kamar teburi? Me ya sa kwarin ya fi gulbin faɗi nesa ba kusa ba?

Ga amsoshin. Saman tuddan marmara ce, mai ƙarfi saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinta, tana kare abin da ke ƙarƙashinta kamar yadda malafa ke kare kai. A ƙarƙashin marmarar duwatsu ne masu taushi, na rairayi da laka. Duk inda ruwa ya samu kafa ya ratsa marmarar, sai ya yi ta cin masu taushin cikin sauƙi. Shi kuma gulbi ba a hanya ɗaya yake zama ba. Bana ya karkata nan, bayan wasu shekaru ya koma can, yana gugar gefen tudu, yana zubar da laka a fadama duk lokacin da ya yi ambaliya. Da haka kwarin ya yi faɗi, da haka kuma fadamar ta samu albarkar da manoma ke ci. Albasar da ake lodawa zuwa Kudu, daga ƙasar da ruwa ya kwaso a tuddai take tsirowa.

Na biyu: mu karanta duwatsu

Yanzu sai mu gangara a hankali zuwa wani kwazazzabo da ruwan sama ya yanka a jikin tudu. Manomi ba ya son kwazazzabo, domin yana cinye masa gona, kuma yana da gaskiya. Amma ga ɗalibin kimiyya, kwazazzabo kamar littafi ne da aka buɗe. A jikin bangonsa za ku ga ƙasa ta jeru hawa-hawa: wani hawa fari-fari, wani ruwan ƙasa, wani toka-toka, wani ja.

Ka'idar karatun mai sauƙi ce. Ku tuna da tarin jaridu a kusurwar ɗaki: ta ƙasa ita aka fara ajiyewa, ta sama ita ce ta baya-bayan nan. Haka duwatsun da ruwa ya shimfiɗa suke. Na ƙasa ya girmi na sama. Kowane hawa kuma yana faɗin halin da wurin ke ciki lokacin da aka shimfiɗa shi. Rairayi mai kauri yana nuna ruwa mai gudu ko bakin gaɓa. Laka mai laushi, wadda ke ɓarewa falle-falle, tana nuna ruwa mai kwanciya.

Masana ilimin duwatsu suna da al'adar raɗa wa kowane hawa sunan garin da aka fi ganinsa sarai. A nan ne garuruwanmu suka shiga littattafai. Manyan hawa uku na wannan yanki, waɗanda a haɗe ake kira Rukunin Rima, su ne: Taloka a ƙasa, Dukamaje a tsakiya, Wurno a sama. Taloka ƙauye ne a yankin Goronyo, Dukamaje yana Ƙaramar Hukumar Gada, Wurno kuwa ga mu a cikinta. A saman waɗannan kuma, idan aka nufi yamma, akwai hawan Dange da na Kalambaina. Daga hawan Kalambaina ake haƙo farin dutsen da kamfanin siminti na Sakkwato ke sarrafawa. Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin 'yan Najeriyar da suka yi zurfin bincike a kan waɗannan duwatsu, kuma har yau ɗaliban jami'o'i kan zo yankin domin ganin abin da suka karanta a aji.

Hawan Taloka da na Wurno galibi rairayi ne mai laushi da laka. Na tsakiyar, wato Dukamaje, shi ne mai abin mamaki. Laka ce mai duhu, da ɗan farin dutse, da wani ma'adini mai ƙyalli kamar gilashi da ake kira jibsam, wanda ake sa wa siminti. A cikin wannan hawa ne ake samun ƙasusuwa.

Na uku: mu nemi alamun teku

Masana sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 66 da suka wuce, wani reshen teku marar zurfi sosai ya malalo daga arewa, ya ratsa inda Hamadar Sahara take a yau, ta ƙasashen da yanzu ake kira Aljeriya da Mali da Nijar, har ya rufe wannan yanki namu. Domin ku gane tsawon wannan lokaci, ku ɗauka mutum zai ƙirga lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu. Kafin ya kai miliyan 66 sai ya shafe fiye da shekara biyu yana ƙirga.

A cikin wancan teku akwai kifaye, da kunkuru, da kadoji, da wasu manyan dabbobi masu kama da ƙadangare waɗanda ƙafafunsu suka zama kamar filafilai na iyo. Idan dabba ta mutu ta nutse, laka ta rufe ta, nama ya ruɓe, sai ma'adinan da ke cikin ruwa su riƙa shiga ƙashin a hankali har ya koma dutse, amma da siffarsa ta asali. Irin wannan shi muke kira burbushin halittun da. Bayan teku ya janye, lakar ta daskare, sai ruwan sama da gulbi suka yi ta zaizayar ƙasa har suka tono abin da aka binne.

A shekarar 1930 wani masani na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan, William Swinton, ya yi bayanin wasu ƙasusuwa da aka kai masa daga lardin Sakkwato, ya ce na irin waɗancan ƙadangarun teku ne. Bayan kimanin shekara 40, wata tawaga daga Jami'ar Fulorens ta Italiya ta zo gundumar Goronyo, ta samo ƙarin ƙasusuwa har da ƙoƙon kai. Da suka duba sai suka ga dabbar ta sha bamban da 'yan'uwanta da aka sani a Turai da Amurka. A shekarar 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka ba ta sabon suna, Goronyosaurus.

Yaya kamanninta? Bakinta dogo ne siriri, kusan irin na kada, da haƙora miƙaƙƙu masu shiga tsakanin juna idan ta rufe baki. Idanunta ƙanana ne, abin da ya sa wasu masana ke ganin a ruwa mai dauɗa take farauta, inda gani ba ya da amfani sosai. Ba kada ba ce, kuma ba ta cikin dabbobin nan da ake kira dainoso. Danginta na kusa a yau su ne irin su damo da guza da macizai. Duk wanda ya taɓa ganin guza yana iyo a tafki, to ya ga ɗan misalin yadda take tafiya a ruwa. Ita da duk danginta na teku sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Ba ita kaɗai ba ce. A shekarar 1975 wani masani ɗan Ingila, Beverly Halstead, ya raɗa wa wani kadan teku da aka samu a wannan hawa suna Sokotosuchus, wato kadan Sakkwato.

Kada wani ya ɗauka wannan tunani baƙo ne a wurin Musulmi. Kusan shekara 1,000 da suka wuce, babban malamin nan Albiruni ya lura cewa masu haƙa rijiya a hamadar Larabawa kan tono duwatsu masu ɗauke da ɓawon halittun ruwa, ya kuma ce wannan alama ce ta cewa wurin teku ne a da. Addininmu ma ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa da lura da halittar Ubangiji.

To me ɗalibi zai nema? Ba lallai ka samu ƙoƙon kai ba, wannan sai an dace. Abin da aka fi samu ƙanana ne: haƙorin kifi mai sheƙi, ƙashin baya mai kama da ƙaramin turmi, ɓallin ƙoƙon kunkuru, ko ɓawon katantanwa da ya zama dutse. Alamar ƙashi ita ce, inda ya karye za ka ga 'yan ramuka kamar na soso. Ka sunkuya, ka yi tafiya a hankali, ka duba gindin gangare inda ruwa ke tara abin da ya wanko.

Idan ka samu, ga abin da ya kamata. Kada ka cire shi daga jikin dutse. Ka ajiye biro ko kwandala a gefensa domin a gane girmansa, ka ɗauki hoto ko ka zana, ka rubuta ranar da wurin da irin hawan da yake ciki. Daga nan ka sanar da malaminka, shi kuma ya sanar da Sashen Ilimin Duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Dalili shi ne, ƙashin da aka ɗauke daga mazauninsa ba tare da an rubuta komai ba ya yi asarar rabin labarinsa, domin ba wanda zai ƙara sanin shekarunsa ko abin da ke kusa da shi. Ka kai shi gida, bayan wata biyu an share shi da shara. Abin da ya jira shekara miliyan 66 ya ɓace ke nan a hannun mutum ɗaya.

Na huɗu: mu tsaya a bakin dam

Daga tekun da ya ƙafe, sai mu nufi ruwan da ke nan a yau. Madatsar ruwa ta Goronyo tana kan Gulbin Rima, wanda ke tattaro ruwan Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi. An kammala gina ta a shekarar 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bangonta na ƙasa ne da aka tara aka danne, tsayinsa kimanin mita 21, tsawonsa kuma ya haura kilomita 12. Tana iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon murabba'i mai zurfi. Idan wannan awo ya yi muku nauyi, ku auna shi da jarka mai lita 25: kowace mita ɗaya jarka 40 ce, jimilla ke nan fiye da jarka biliyan 36. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita, kuma daga nan ake sakin ruwan da manoman rani ke amfani da shi, da wanda ake tacewa domin sha a birnin Sakkwato.

Abu uku mai ziyara zai yi a nan. Na ɗaya, ƙirga tsuntsaye. Ku zauna shiru na minti 15 da safe ko da la'asar, kowa ya rubuta irin da ya gani da adadinsu: balbela, zalɓe, kirinjijiya, dinya, da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu. Wasu daga cikin waɗannan ƙananan baƙi ne, daga Turai suke tasowa su tsallako Sahara lokacin da sanyi ya tsananta a can. Idan wata makaranta ta riƙa yin wannan ƙirga duk shekara a wata ɗaya, bayan shekara biyar tana da bayanin da zai amfani masu bincike.

Na biyu, hira da masunta. Ku gaishe su da ladabi, ku nemi izini, ku tambayi sunayen kifayen da suka kamo: tarwaɗa, karfasa, kurungu, ragon ruwa, giwan ruwa. Ku tambayi dattawa cikinsu wane kifi ne ya yi yawa a da amma yanzu ya yi wuya, kuma me suke ganin ya jawo haka. Na uku, ku bi magudanar ruwa zuwa gonaki ku ga yadda ake raba ruwa fage-fage, ku tambayi manomi kwana nawa albasa ko tafarnuwa ke yi kafin a cire.

Dam ɗin yana da darasi mai ɗaci kuma. A watan Satumban 2010 ruwa ya yi yawa har ya fi ƙarfinsa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin, ta kuma yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma akasin haka aka gani, ruwan ya ja baya ƙwarai har hankalin hukumomi ya tashi. Ƙarancin ruwan sama na cikin dalilai, haka ma yashi da laka da ke taruwa a cikin dam suna rage masa ciki. Daga ina yashin ke zuwa? Daga irin kwazazzaban da muka tsaya a cikinsu ɗazu. Duk bishiyar da aka sare a tudu, ƙasar da saiwarta ke riƙewa a gulbi za ta ƙare.

Na biyar: mu gaida magabata

Ba a zuwa Wurno a fita ba a ziyarci hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ba. Ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, kuma shi ya mai da Wurno ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ke tsaron iyaka, inda ake haɗa tsaro da noma da sana'a da karatu. A nan ya rasu, a nan aka binne shi. Wanda ya riga ya tsaya a kan tudu da safe ba ya bukatar dogon bayani kan dalilin zaɓen wurin: daga sama ana hango mai zuwa tun daga nesa, a ƙasa kuma ga ruwa ga fadama.

Wurno ta ga baƙi masu yawon buɗe ido tun kafin a haifi kakanninmu. A shekarar 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna a garin a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta abin da ya gani na kasuwa da gidaje da fadama. Abin da ya yi shi muke roƙon ku yi: ya duba, ya tambaya, ya rubuta. A hubbare kuwa a shiga da natsuwa, a cire takalmi, a yi sallama da addu'a, kada a ɗauki hoto sai masu kula da wurin sun yarda.

Idan lokaci ya ba da dama, sai a ƙarasa Rabah, wadda ke bakin Gulbin Sakkwato. A nan aka haifi Sa Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne. Bayan ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 ya zama Sardauna, a 1954 kuma ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Ku lura da abu ɗaya: kafin ya zama duk waɗannan, yaro ne ɗan makaranta daga wannan kwari, kamar ku.

Maganar da ba za mu ɓoye ba

Duk abin da muka lissafa yana da sharaɗi, shi ne zaman lafiya. Gabashin Sakkwato ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. A watan Oktoban 2021 an kai hari kasuwar Goronyo, mutane da dama suka rasa rayukansu, kuma ƙauyuka da yawa a Rabah da Goronyo da Wurno sun ɗanɗana wannan masifa. Wasu cikin masu karanta wannan shafi sun rasa 'yan'uwa, wasu sun bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen abin.

Saboda haka kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauki jaka ya nufi daji shi kaɗai ko da abokansa. Ziyara sai da shugabancin makaranta, da yardar iyaye, da sanin hakimi ko mai gari, da shawarar jami'an tsaro a ranar da za a tafi. In sun ce a dakata, a dakata. A je da ɗan gari wanda ya san hanya, a dawo kafin la'asar sakaliya.

Ruwa ma yana da nasa haɗari. A watan Agustan 2025 wani kwalekwale da ya ɗauko mutane zuwa kasuwar Goronyo ya kife, aka yi asarar rayuka. Kada a shiga jirgin da aka cika fiye da kima, kada a shiga ba rigar kariya daga nutsewa. Kada a yi wanka a dam ko a magudana, domin ban da zurfi akwai cutar tsargiya. A kwazazzabo kuma kada a tsaya ƙarƙashin bangon da ya rataya, kada a sa hannu cikin rami saboda maciji da kunama, kada a shiga idan hadari ya haɗu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara da kan haura digiri 40. A tafi da ruwan sha mai yawa, da hula, da takalmi mai rufi, a kuma dawo da ledojin da aka je da su.

Wa zai ci gajiyar?

A ƙasar Masar akwai wani kwari cikin hamada, Wadi al-Hitan, inda ake samun ƙasusuwan manyan kifayen teku na da. An killace shi, an yi hanyoyin ƙafa, an bar ƙasusuwan a inda suke, kuma a 2005 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A maƙwabciyarmu Nijar, duk wanda ya je gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal ɗin dainoso da aka haƙo a ƙasar. Mu kuwa, muhimman ƙasusuwan dabbar da ke ɗauke da sunan Goronyo suna Turai, kuma waɗanda suka raɗa mata suna duk baƙi ne.

Ba laifin baƙin ba ne, sun zo sun duba abin da muke takawa kullum. Amma ruwan sama na kowace damina yana tono sabon abu a jikin tuddan nan, abin da ba a gani ba kuma damina ta gaba ta farfasa shi. Masanin da zai zo daga Italiya sau ɗaya a shekaru masu yawa ba zai riga yaron da ke kiwo ko zuwa gona ta wurin kullum gani ba, in dai yaron ya san abin da yake kallo. Mai son ya zama irin wannan masani sai ya riƙe darussan Jogirafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da kyau, domin su ne ƙofar shiga sashen ilimin duwatsu a jami'a.

Aikin wannan mako

Ba sai kun je Wurno ba kafin ku fara. Ku nemi kwazazzabo, ko ramin da ake ɗibar ƙasar gini, ko sabuwar rijiya da ake haƙawa kusa da gida ko makaranta, a wurin da babu haɗari, tare da malami ko wani babba. Ku ƙirga hawa nawa kuke gani. Ku rubuta launin kowanne, ku murza shi a yatsa ku ji ko rairayi ne ko laka, ku auna kaurinsa da taƙi. Ku zana shi a takarda ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ku rubuta sunan garinku da ranar. Sannan ku tambayi dattijo mafi tsufa a unguwarku ko kwazazzabon yana nan lokacin da yake yaro, kuma ina ya tsaya a lokacin.

Ku ba malaminku ya duba, ku aiko mana da zanen. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi da sunan makarantarsu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.